Neman shawara: ina zan samu hanyar da babu tifa babu tirela in tuƙa kekena a kewayen Kano?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 47, ma'aikacin ofis ne ni a Kano. Bayan babbar sallah likita ya ce jinina ya hau, sukari ma ya fara leƙowa, lallai in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi. Gwiwata ba ta ɗaukar gudu, sai na sayi keken gwanjo, irin na tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Wallahi ya shiga raina fiye da yadda na zata. Yanzu ina yin kilomita 25 ba tare da na sauka ba.

Asabar ɗin da ta wuce, a titin Zariya dab da gadar Tamburawa, wata tifar yashi ta wuce ni kamar za ta shafi kafaɗata. Iskarta kaɗai ta jefa ni gefen kwalta, na zube cikin tsakuwa, gwiwar hannuna ta kuje. Direban ko birki bai taɓa ba. Da uwargida ta ga jini a rigata ta ce keken nan ya gama fita, kuma ban ga laifinta ba.

Ba na so in bari. Don Allah wanda ya san hanya mai kwalta wadda motoci ba su dame ta ba ya taimaka. Ina son shimfiɗaɗɗiya saboda in ƙara nisa, ina kuma son mai hawa da gangara saboda in gwada ƙirjina.

Manomin rani daga Kura:
Wa alaikumus salam. Sannu Yallaɓai, Allah Ya tsare gaba. Kuskurenka ɗaya ne, daga ƙofar gida kake hawa keken. Duk hanyar da ta fita daga birni, ta Zariya, ta Wudil, ta Katsina, ta Haɗeja, ta manyan motoci ce. Cire tayar gaba ka saka shi a bayan mota, ka zo Karfi ka ajiye motar wajen wanda ka amince da shi, sannan ka kama hanyar Bunkure. Nan ne cikin filin noman ranin da ruwan Tiga ke shayarwa, ƙasa a kwance kamar faifai. Da sanyin safiya abin da za ka haɗu da shi bai wuce masu babur da buhun taki a baya ba, sai amalanken shanu, sai yara masu kora awaki. Idan lokacin alkama ne, kore ne hagu da dama har inda ido ya tsaya, ga balbelu suna bin masu ban-ruwa. Amma da zarar tumatir ya nuna, motocin kwanduna masu nufar Kwanar Gafan kan cika hanyoyin yankin, kuma su sauri suke kada kaya ya lalace. A wannan lokacin ka gama abinka kafin ƙarfe tara.

Malamin makaranta a Rano:
Malam, idan hawa kake nema, ci gaba kawai za ka yi daga inda ɗan'uwa na Kura ya tsaya. Kana doso Rano za ka ga ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu sun fara ɗagowa. Daga Rano ka bi ta Rurum zuwa Tiga. Ba wani tsauni ne mai tsawo ba, hawa ne gajere-gajere da ke biye da juna, ka hau ka gangara ka sake hawa, kuma irin wannan ya fi cin ƙafa saboda ba ya barinka ka daidaita numfashi. Ladanka shi ne ka iso ka ga ruwan dam ɗin, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Bako.

Ni a keke nake zuwa makaranta shekara da shekaru, to ga abin da na koya. Ka sauke giya tun kafin ka shiga hawan, lokacin da ƙafarka ke juyawa a sake. Idan ka bari sai feda ta yi nauyi sannan ka canza, za ka ji cen ya yi ƙara, wani lokaci ya zame, kai kuma ka tsaya cak a tsakiyar tudu. Ka zauna a sirdi, ƙafa ta yi ta juyawa da sauri a giya mai laushi. A gangara kuma kada ka damƙe birkin gaba shi kaɗai, musamman a kwana, domin ruwan damina kan bar yashi a kan kwalta daidai inda ba ka so.

Tsohon direban babbar mota:
Alhaji, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu, ba don in kare wanda ya ture ka ba, Allah Ya isar maka. Mutumin da ke saman tifa ba ya ganin abin da ke dab da tayarsa ta dama. Da asuba, ga hazo, kai kuma ga baƙar riga, wallahi babu kai a idonsa. Ka nemi riga mai ɗaukar ido irin ta masu aikin titi, ka saka jar fitila mai ƙiftawa a bayan sirdi ko da rana ce. Hular kwano kuwa ba abin kunya ba ce. Kuma kowace hanyar ƙauye tana da ranar da take haukacewa, wato ranar kasuwa. Misali Juma'a kada ka kusanci hanyar Wudil, motocin shanu ne tun safe. Duk garin da za ka ratsa, ka fara tambayar ranar cin kasuwarsa.

Mai gyaran keke:
Yallaɓai, duk sun ba ka hanya amma ba su gaya maka abin da zai zaunar da kai a gindin bishiya ba. Tsidau. Da ka sauka gefen kwalta don ka ba mota wuri, wannan 'yar ƙayar mai tsini ta kama siririyar tayarka, shi ke nan. Kuma tib ɗin irin kekenka bakinsa siriri ne, famfon mai facin ƙauye ba ya kama shi, girman tayar ma ba a samunsa a can. Na taɓa ganin wanda ya dawo da keken tsere a ɗaure a bayan ɗan acaɓa saboda wannan kaɗai. Ka riƙe tib biyu, ƙaramin famfo, da abin ɓanɓare taya, ka kuma koyi canzawa a tsakar gidanka kafin ka fita. Idan ka ciro tib ɗin da ya fashe, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka taɓo ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. Duba gefen tayarka, in ka ga an rubuta 23 ko 25, wato faɗin tayar a milimita, ka gwada 28 idan jikin keken zai ɗauka. Ta fi haƙuri da ramuka, bayanka ma zai huta.

Ɗan Jos mazaunin Kano:
Da girmamawa ga Malam na Rano, wannan ai ɗumama jiki ne. Hawa na gaske yana Filato. Jos kanta tana sama da mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere sun haura 1,800. Daga Bukuru zuwa Vom da sassafe, sanyi na dukan fuska, ba za ka manta ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba na ba baƙo shawarar ya shiga ƙauyukan can shi kaɗai. Ka samu ɗan gari wanda ya san yadda ake kwana da tashi a wannan makon.

Malamin makaranta a Rano:
Na yarda, ɗan'uwa, amma mutumin da ke kilomita 25 kuma yana shan maganin hawan jini ba Shere zai fara ba. Ko a Kano akwai duwatsun Riruwai a Doguwa, sai dai hanyar ta dajin Falgore ta bi, ba zan tura kowa can a keke ba. Abin da na manta ɗazu shi ne iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Rano kuwa kudu take da Karfi. Za ka tafi kamar ana tura ka, ka ɗauka ƙarfinka ne, ka yi nisa. Da ka juyo sai ka tarar da ita a ƙirji, ga rana ta ɗaga, ga ƙafa ta gaji. Ka juya tun kana jin kana da sauran rabin ƙarfinka.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ni maganar Aunty ce ta tsaya mini. Kada ka yi mata gardama, ka ba ta abin da hankalinta zai kwanta. Ta san hanyar da ka bi da lokacin da za ka dawo, ka kira ta in ka kai wurin juyawa, kuma ka samu abokin tafiya ko mutum ɗaya. Ka koma wa likitanka ka gaya masa za ka fara hawan tudu, domin wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, ga gumi kuma, ruwan jiki sai ya yi ƙasa da wuri. Gora biyu ta ruwa, da dabino a aljihu saboda sukari kan faɗi a hanya. Jiri, ko nauyi a ƙirji, ko ciwon da ke sauka hannun hagu, ka sauka nan take ka nemi mota, kada ka ce bari in ƙarasa tudun. Daga Maris zuwa Mayu kuma ƙarfe tara ta same ka a inuwa.

Mai tambaya:
Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida amsar 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, ta amince da sharaɗin ƙaninta zai riƙa bina, shi ma yana da keke. Na duba tayata, 23 ce, gobe zan kai a gwada 28. Laraba zan ga likita. In ya ba ni izini, Lahadi bayan sallar asuba za mu ɗora kekunan a mota zuwa Karfi, mu yi Bunkure mu dawo, Rurum sai ƙafa ta yi ƙwari. Ɗan'uwa na Kura, don Allah wace rana ce kasuwar Bunkure ke ci, kuma akwai mai shayin da ke buɗewa da wuri a Karfi inda za mu bar motar a gabansa?