Kwana biyar a Paris da iyali, ina ya kamata mu sauka?

Baban Ummi: Salam 'yan uwa. Alhamdulillahi biza ta fito, ni da maiɗakina da yara uku za mu Paris cikin Agusta, kwana biyar. Masauki ne ya hana ni barci. In kama otal kusa da hasumiyar Eiffel duk da tsada, ko ɗaki mai kicin wajen Château Rouge inda aka ce akwai kasuwar 'yan Afirka, Hajiya ta riƙa yi muna girki? Autar shekararta uku, in ba tuwo ko taliya ba bata cin komi.

Ɗan Daura: Ma sha Allah. Ko mi ake ciki ku yi Juma'a a babban masallacin Paris, tun 1926 aka buɗe shi. Kuma kar ku je gidan tarihi na Louvre ranar Talata, rufe yake.

Maman Khalifa: Alhaji bar zancen otal, jakarka zaka tsare. Mu ranar da muka sauka muka shiga jirgin ƙasa RER B daga filin jirgi, a tashar Gare du Nord wasu 'yan mata suka matse mu a bakin ƙofa ina riƙe da yaro Abban Khalifa na fama da akwatuna, kafin mu hau sama an zuge jakata, fasfo biyu da Yuro 700 sun tafi. Wallahi zama na yi a ƙasa ina kuka. Kwana uku muna zirga-zirga tsakanin 'yan sanda da ofishin jakadanci, Eiffel ɗin ma daga nesa na hango ta. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Hajiya Ƙofar Soro: Innalillahi! Allah ya mayar da alheri ƙanwata.

Bakatsine: Shi ya sa da yara tasi ta fi. Kuɗin a ƙayyade yake daga filin jirgin Charles de Gaulle, Yuro 56 zuwa arewacin kogin Seine, 65 zuwa kudu.

Maman Khalifa: Wane 56, mu a komawa 95 muka biya.

Bakatsine: To ba tasi mai lasisi kuka hau ba Hajiya.

Ɗan Daura: Metro dai, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba tsada, Yuro 1.90 na sayi tikiti.

Bakatsine: Malam yaushe rabonka da can? 2.50 na biya a 2025.

Ɗan Daura: 2019 na je, amma wata biyu na yi, ba irin masu kwana huɗu su dawo suna muna lacca ba.

Na Ƙofar Ƙaura: Baban Ummi in akwai wuri cikin akwati a sa ni, zan riƙe maka Ummi kyauta 😂

Hajiya Ƙofar Soro: Kai dai baka rabo da wasa. A tafi da kuka da daddawa, amma ban da kilishi, an hana shiga da nama.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, amma masaukin fa?

Malam Rafindadi: Kai ka ma samu bizar. Ni sau biyu ana hana ni, Yuro 90 kowane zuwa ba a maido ko sisi, ga inshora ga kuɗin mota zuwa Abuja ga wani ejan nan cikin gari da ya amshe mani dubu ɗari huɗu wai ya san mutane, yanzu ko wayata baya ɗauka.

Maman Khalifa: Ba mai shago a saman bene ba? Ƙanen mijina ma shi ya cinye ma kuɗi.

Malam Rafindadi: Shi ne wallahi. Hajiya yi mani magana ta inbox.