Yaya kuke yanka kuɗin buga riga mai kala uku?

Ɗan Ringim:
Salam alaikum ƴan uwa masu sana'ar firintin, don Allah ina neman shawara. Wani kulob na ƙauyen kusa da mu suka kawo jesi 22 baƙaƙe, tambarinsu kala uku ne, ja da ruwan ɗorawa da kore, ni kuma na yanka musu kusan yadda nake yi wa kala ɗaya, wallahi da na gama na zauna na yi lissafi ko kuɗin motar da na je Kano sayen fenti bai fito ba. Ku yaya kuke yi? Kuma ta yaya ake sa mutum ya yarda a ƙara kala ba tare da ya ga kamar cutarsa za a yi ba?

Baban Ummi, Bichi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ba kala uku ka buga ba, huɗu ne, tunda baƙar riga sai ka shimfiɗa fari a ƙasa kafin ja ko ɗorawa su fito. Kowace kala firam ɗinta daban, wato ragar da ake tura fenti ta cikinta ya sauka a kan riga, zanenta daban, gasa ta a rana daban, sannan ka jira ta bushe kafin ka ɗora ta gaba, in hannu ya goce kaɗan riga ta lalace kai za ka biya. Ni kuɗin firam nake faɗa daban, kowace kala nawa, sannan kuɗin bugu kan kowace riga. Wahalar haɗa firam ɗaya ce ko riga 20 ko 200, shi ya sa mai ƙananan kaya dole kuɗinsa ya fi tsada a kan riga ɗaya. Lambar baya ma kar ka bar ta kyauta. Kuma ka karɓi kafin alƙalami.

Maman Sadiq, Kazaure:
Malam ni bakina ba ya ƙara kala, samfur ke yi. Na rataye riga biyu a shago zane iri ɗaya, ɗaya kala ɗaya ɗaya kala uku, malaman Islamiyya in sun zo kan bajon sauka su da kansu suke nuna mai kala ukun su ce nawa za a ƙara. Sai dai ka kula da hunturu, fentin ruwa bushewa yake a raga da wuri ya toshe ta, aikin kala da yawa yana cin lokaci sosai a wannan yanayin.

Habu mai firam:
Yaya Baban Ummi gaskiya ne amma mutanenmu na ƙauye karo-karo suke yi, in ka cika musu kuɗi tafiya za su yi. Ni sai in ce su zaɓi koriyar riga, kalar rigar ta zama ta ukun, firam ɗaya ya ragu kenan. Kuma ina ajiye firam ɗin ba na wankewa, in sun dawo ƙari ba sa sake biyan kuɗinsa, wannan ke dawo min da su.

Ɗan Ringim:
Na gode Allah ya saka. Firam ɗinsu na nan ban wanke ba, sun ce za su ƙara guda 10 bayan an sayar da riɗi.