Neman kalma: me za mu kira “marinate” da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara rubutun wani shirin girki na rediyo, ɗauka ranar Alhamis da safe, yau kuma Talata. Kashi shida ne a kan karin kumallo da abincin dare na ƙasashe daban-daban. Kalma ɗaya ta gagare ni, “marinate”, wato a cuɗe nama da kayan haɗi a ajiye shi ya sha kafin a dafa, da sunanta “marinade”, wato haɗin da naman ke zama a ciki. Tana cikin yassa, girkin kaza da albasa na Senegal, tana cikin kazar tanduri ta Indiya, tana cikin shawarma. Na fara sa “jiƙa”, sai na tuna a kashin karin kumallo na riga na ba burodin da ake tsomawa a ƙwai da madara wannan kalmar. Aikatau nake so da suna, gajeru, waɗanda mai gabatarwa za ta faɗa numfashinta bai ɗauke ba.

Uwargidan Fagge: Wa alaikumus salam. Tsima. A tsima kazar, a bar ta ta tsimu, tsimammiyar kaza. Duk rassan suna nan, ba sai an ƙera komai ba.

Tsohon Kuku: Malam, cire jiƙa tun da wuri. Jiƙa na wake ne da shinkafar waina da gero, ruwa zalla, kuma yawansa ya rufe abin. Ka ce wa mai sauraro ta jiƙa kaza, za ta cika roba da ruwa ta zuba kayan ƙamshi, ɗanɗanon naman ya fita ya bar ta da lami. A yassa babu ruwa ko cokali ɗaya. Kaza mai kilo ɗaya da rabi, manyan albasa biyar a yanka sirara, ruwan lemun tsami rabin kofi, mustad babban cokali biyu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, attaruhu ɗaya, masoro, mai cokali uku, gishiri ƙaramin cokali biyu da rabi. A tsattsaga naman da wuƙa har kusa da ƙashi, a murza haɗin, a rufe, awa huɗu zuwa kwana ɗaya a firji. Ƙarin ruwan da za ka gani a ƙasan kwano daga albasar ya fito, gishiri ne ya jawo shi. Burodin nan kuwa jiƙa ta dace da shi: ƙwai biyu, madara rabin kofi, yanka huɗu na burodin jiya, kowane gefe daƙiƙa ashirin. Sabon burodi narkewa yake yi a kasko.

Malamin Nahawu: Hajiya, a yi mini afuwa, tsima tana da matsala ta alkibla. In an tsima sassaƙe ko tsamiya, amfanin yana fita ne daga abin ya shiga ruwa, a sha ruwan a zubar da tuƙar. A nan kuwa akasin haka ne, amfanin yana barin ruwan ya shiga nama, naman ake ci. Matan da suka iya girki me suke cewa? “A bar shi kayan haɗi su ratsa shi.” To ga saiwar nan. Ina ba da shawarar ratsau a matsayin suna: a haɗa ratsau, a sa kaza a ratsau. Gaɓa biyu, Hausa tsantsa, kuma ma'anarta na cikinta.

'Yar Maraɗi: Mu nan littattafan girkin da Faransanci suke zuwa, masu gidan abinci “marinad” kawai suke cewa, kowa ya gane. Asalinta ma daga kalmar teku ne, ruwan gishirin da ake ajiye nama da kifi a ciki kafin a san firji. Burodinku na ƙwai kuma Faransawa “burodin da ya ɓata” suke ce masa, don da wanda ya kwana ya bushe ake yi. Amma a ƙauye ka ce marinad, sai a ɗauka sunan wata Bafaranshiya ne.

Mai Tukuba: Ranku ya daɗe, duk kun tsallake masu nama. Muna da labu. Kilishi in ya sha rana ya bushe, tsoma shi ake yi a labu: tunkuza, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa, gishiri, a dama da ruwa. Ya ɗau kamar awa ɗaya, a sake shanyawa, a gasa sama-sama. Ruwan haɗi ne da nama ke zama a ciki ya sha. Me ya rage?

Tsohon Kuku: Labu kalma ce mai kyau, amma ta riga ta auri gyaɗa. Duk wanda ya san ta, da ya ji zai nemi tunkuza. Ka zuba tunkuza a yassa ka ga abin da zai fito. Kuma naman kilishi busasshe ne, shi ya sa yake zuƙe labu kamar soso. Ɗanyen nama cike yake da ruwansa, ba ya zuƙar komai haka. Wannan ya kawo ni kan ratsau. Malam, Allah ya gafarta, kalmar tana alƙawarin abin da ba ya faruwa. Gishiri ne kaɗai ke ratsa nama har ciki, shi ma a hankali. Tafarnuwa, kurkum, barkono da mai ba sa wuce 'yan milimita daga sama, ko da an kwana biyu. Ka yanka cinyar tanduri ka duba, jan yana baya, cikin fari ne. Dalilin tsattsaga naman ke nan, a ƙara masa fuskar da haɗin zai kama.

Malamin Nahawu: Kalma ba ma'aunin ɗakin gwaji ba ce. Muna cewa rana ta faɗi, ta taɓa faɗuwa? Ratsau tana faɗin niyyar mai girki, ya isa.

Ɗalibar Hausa: Malam, da izininka. Ƙarshen -au da muka sani ko dai mutum yake nunawa, kamar mantau da makarau, ko aikin da ake yi don a biya, kamar dakau da wankau. In na ji ratsau, wanda ya saba ratse hanya nake gani, ba kwanon kaza ba.

Malamin Nahawu: Tsari ba ya hana faɗaɗawa, 'yata. Abin da ke damuna shi ne, da an kawo kalmar gida sai a yi mata taron dangi, amma a bidiyon girki kullum “zan yi marinetin ɗin chikin ɗina” ake ji, babu mai ɗaga gira. Kazar ma ta zama chikin. Wannan Ingausa ba rashin kalma ba ne, nuna an yi boko ne. Harshen da ya yi wa jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa suna ba zai kasa da kwanon nama ba.

Uwargidan Fagge: Malam, ka shiga madafa ka ƙirga. Albasa, alkama, sukari, shayi, duk daga Larabci. Tumatir da burodi daga Turanci. In za mu kori baƙi, miyar dare ma ba za a yi ba. Kuma na'ura mai ƙwaƙwalwar nan, a kasuwa kwamfuta ake cewa.

Malamin Nahawu: Waɗancan sun zo da abin da ba mu da shi. Sa nama a kayan haɗi kuwa kakanninmu sun yi.

Basakkwace: Ni tambayata, wa ya ce tsima? Mu tsuma muka sani. Kullum in za a daidaita kalma sai a ɗauki bakin Kano a ce shi ne Hausa, sauranmu mu bi.

Uwargidan Fagge: To ai ba mu muka zaɓi kanmu ba, Yaya. Ka faɗe ta da u, kazar ba za ta ƙi tsimuwa ba.

'Yar Maraɗi: Ku dai ku yi ta yi. Mu da ke wannan gefen iyaka ko tambayarmu ba a yi, sai dai mu ji a rediyo an yanke.

Mai Tukuba: Kuma in za a ɗau tsima, a kula da sunan. Mai gabatarwa ta ce “uwargida, ki haɗa tsiminki tun dare”, wallahi wayoyin da za a bugo ba na girki ba ne.

Ɗalibar Hausa: Baba Mai Tukuba ya gama magana. Aikatau ɗin lafiya lau, sunan ne ke da wata sana'ar.

Tsohon Kuku: Ku bar dariya, akwai abin da ya fi sunan muhimmanci, kuma Mai Fassara ya tabbata ya shiga rubutun. Duk kalmar da aka zaɓa, mai sauraro za ta ɗauka daɗewa ita ce gwaninta, musamman tsima, don tsimi sai ya kwana biyu yake kyau. A nama ba haka ba ne. Lemun tsami da binega suna dafa fatar naman tun ba a kai wuta ba. Ƙirjin kaza ya wuce awa biyu a tsami mai ƙarfi, bayansa zai yi fari, in an gasa ya bushe yana gari-gari a baki. Cinya mai ƙashi ta fi juriya, shi ya sa yassa ke iya kwana. Kifi minti goma sha biyar zuwa talatin, ya wuce haka ya zama abin da mutanen Peru ke ci da sunan sebice, ya dagargaje a kasko. Kindirmo tsaminsa mai laushi ne, tanduri na iya kwana a cikinsa: kofi ɗaya ga kilo ɗaya, amma a tace shi a ƙyalle mai tsabta rabin awa, in ba haka ba ya tsinke ya zube daga jikin naman. Ɗanyar gwanda da abarba kuwa suna da sinadarin da ke narkar da nama. Babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar ɗanyar gwanda ya ishi kilo ɗaya na naman sa mai tauri, awa ɗaya zuwa biyu. A bar shi ya kwana, a wayi gari da fate.

Sai kwano. Ban da tukunyar alminiyam, tsami na cin ta, naman ya ɗau ɗanɗanon ƙarfe. Gilashi, tangaran ko roba mai murfi. In babu wuta, kada ɗanyar kaza ta wuce awa biyu a waje, a zafin bazara awa ɗaya. Gara a yanka ƙanana a ba ta minti arba'in da a bar ta tun azahar a kan tebur. Ruwan da ya rage ya taɓa ɗanyen nama, ba a zuba shi a kan dafaffe. A yassa ana tsame kazar a gasa a gawayi, a soya albasar a hankali minti ashirin har ta yi laushi, a juye ruwan ya tafasa sosai, sannan a mayar da kazar ta ƙarasa minti ashirin da biyar. Kuma a tsane naman kafin ya hau wuta. Jiƙaƙƙen nama turara yake yi, ba ya yin ja.

Mai Fassara: Allah ya saka, Baba Kuku, wannan gargaɗin zai shiga kashi na biyu. Tunda kuna nan, “pancake” fa? Na rubuta fanke.

Uwargidan Fagge: A'a! Fanke ko da daga can ta samo sunan, ta riga ta zama ƙwallon da ake sakawa a mai mai yawa, da yis. Abin da kake nufi faifai ne a kasko da mai kaɗan. Ka ce wainar fulawa mai zaƙi. A faɗa musu ban da albasa da attaruhu, kada su yi 'yar lallaɓa su zuba mata zuma.

Malamin Nahawu: Kun ga? Aro ne ya jawo wannan ruɗanin. Da tun farko an ƙera mata suna. Ratsau ba za ta taɓa rikicewa da komai ba.

Ɗalibar Hausa: Don babu mai faɗinta, Malam.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure, ga abin da zan miƙa. Aikatau: tsima, ta tsimu, tsimammiya, kuma karon farko mai gabatarwa za ta ce “wato a cuɗe naman da kayan haɗi a ajiye shi ya sha”, tare da adadin awanni kowane lokaci. Suna: ruwan haɗi. Labu zan ambace ta sau ɗaya a matsayin misali, don a gane abin ba baƙo ba ne. Malam, ratsa za ta fito a cikin bayani.

Malamin Nahawu: Ruwan haɗi bayani ne, ba suna ba. Amma aikinka ne. Ni a ajina ratsau zan ci gaba da koyarwa.

Basakkwace: A gaya wa mai gabatarwar in ta ce tsuma ba ta yi kuskure ba.

Mai Tukuba: To wanda babu ruwa a ciki fa, garin yaji zalla da ake murza wa nama a ajiye, kamar na tsire? Shi ma ruwan haɗi za ku ce?

Mai Fassara: Wannan yana kashi na biyar, sai mako mai zuwa za a ɗauka. A bar ni in kai na Alhamis tukuna.