Idan annoba ta shigo gari, me ya kamata hukumar birni ta fara yi?

Mai_Tambaya22:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina so masana su warware min wani abu. Lokacin korona duk inda ka juya maganar gwamnatin tarayya ake, ita ke rufe iyakoki ita ke sayo rigakafi, to ita hukumar birni fa, magajin gari da kansiloli da ma'aikatansu, mene ne nasu aikin? Kulle gari kawai za su yi su zuba jami'an tsaro a titi ko akwai abin da ya fi wannan? Ni dai a ganina kulle ba wani abu ba ne mai wahala, sanarwa ɗaya ce a rediyo.

AbuHanifa:
Wa'alaikumus salam. Malam kar ka raina kullen nan fa, lokacin da aka yi shi shi ne magana. A annobar murar 1918 hukumomin Filadelfiya a Amurka sun bari an yi wani babban fareti ran 28 ga Satumba, mutum wajen 200,000 suka fito titi alhali cutar ta riga ta shigo garin, cikin ƴan kwanaki asibitoci suka cika babu gado. Shi kuwa birnin St. Louis, kwamishinan lafiyarsu Max Starkloff ya matsa aka rufe makarantu da gidajen sinima da wuraren taro tun farkon Oktoba da cutar ta fara ɓulla, ƴan kasuwa suka yi ta ƙorafi amma mace-macensu bai kai na Filadelfiya ba ko kusa. Kuma da suka sassauta a Nuwamba cutar ta sake tashi sai da suka koma suka rufe. Wannan duk shawara ce ta matakin birni, ba daga sama ta zo ba.

Maman_Iman:
AbuHanifa na yarda da kai amma rabin zancen ka faɗa wlh. Ka ce wa mutum ya zauna a gida, wanda sai ya fita da safe yake samun abin da za a ɗora da yamma, to me zai ci? Ai yunwa ce za ta fito da shi ko da soja ne a bakin ƙofa. Ku tuna Indiya a Maris 2020, awa huɗu kacal aka ba mutane kafin kulle ya fara, leburori suka rasa aiki suka rasa mota suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa da yara a kafaɗa, wasu ɗaruruwan kilomita. Amma a Indiyan dai ku duba abin da hukumar birnin Mumbai ta yi a unguwar Dharavi, wuri ne da bai fi murabba'in kilomita biyu da ɗan wani abu ba mutane cunkushe, gidaje da yawa banɗaki ɗaya suke haɗawa, wa zai ce musu su ba da tazara? Sai ma'aikata suka bi gida-gida suna auna zafin jiki, aka mayar da makarantu da ɗakunan taro wurin killace masu alamu ana ba su abinci kyauta, ana wanke banɗakunan haya da magani a kai a kai, likitocin unguwa masu zaman kansu da mutane suka saba da su aka jawo su cikin aikin. Har shugaban hukumar lafiya ta duniya (WHO) Tedros ya ambaci Dharavi a Yuli 2020 cikin wuraren da suka shawo kan cutar. Sannan ruwa! Ana ta cewa a wanke hannu a wanke hannu, a birnin Detroit na Amurka akwai gidajen da aka yanke wa ruwa saboda bashi, sai da birnin ya mayar musu a Maris 2020. New York kuma da aka rufe makarantu ba a rufe kicin ɗinsu ba, wurare sama da 400 aka riƙa raba abinci, ka zo ka ɗauka ka tafi ba mai tambayarka katin shaida. Wannan shi ne aikin birni, don su suka san lungu da saƙo.

Dan_Gaskiya:
Hajiya kin yi magana, sai dai rabon tallafi a takarda ne yake da daɗi. Wa ke rubuta sunayen? Birnin da bai da rajistar mabuƙata tun kafin annoba, ranar da ta zo sai a miƙa aikin ga ƴan siyasar unguwa, kowa ya sa nasa, mai haya da baƙo da wanda ke kwana a titi ba su cikin lissafin kowa. Shi ya sa tsarin zo-ka-ɗauka ɗin da kika kawo ya fi kwanta min, ko wasu marasa buƙata sun karɓa asarar ba ta kai ta barin mutum da yunwa ba.

Mai_Tambaya22:
To na gode sosai. Amma birnin Wuhan na Chaina fa? Mutum miliyan 11 aka kulle kwana 76, aka gina asibitin Huoshenshan cikin kamar kwana goma, wannan ba birni ba ne ya yi?

AbuHanifa:
A'a ɗan'uwa, wannan ƙarfin gwamnatin Chaina ne gaba ɗaya, daga wasu larduna aka kwaso dubban likitoci da nas-nas har da na soja. Abin da birni mai ƙaramin aljihu zai iya kwaikwaya shi ne mayar da ginin da yake da shi asibitin wucin gadi, kamar yadda aka yi da filin baje kolin IFEMA a birnin Madrid na Sifen. Kuma gado ba ya jinya, in babu iskar oksijin da ma'aikatan da ake biya alawus a kan lokaci to ɗaki ne kawai aka jera wa katifu.

Maman_Iman:
Ga masu kwasar shara da direbobin bas da masu haƙa kabari ma, a wurare da dama ma'aikatan birni ne kuma da yawansu ba su zauna a gida ba lokacin kulle, su ya kamata a fara ba takunkumi da safar hannu kafin a kira ƴan jarida.