Bawul, bututu ko ƙwan sauti?

Wannan 'yar kwalbar da ke yin ja kamar garwashi a cikin tsofaffin rediyo da amfilifaya, me za mu riƙa ce mata da Hausa? Amurkawa na ce mata vacuum tube, mutanen Ingila kuma valve. Mun kwana biyu muna ja-in-ja a kai da masu gyaran kayan sauti a nan Jos, ga inda na tsaya, mai gyara ya gyara.

Da yawa sun ce a bar ta a bawul kawai, tunda haka aka gada. Sunan yana da dalili. Wadda John Ambrose Fleming ya ƙera a 1904 aikinta ke nan, ta bar wuta ta wuce gaba, ta hana ta komowa. Sai dai bawul ya riga ya yi aure a Hausa. Ka shiga Dilimi ka ce bawul kake nema, wajen masu kayan mota za a nuna maka, ko mai faci ya miƙo maka na taya.

Bututu kuwa, wato fassarar tube, ban ma tsaya a kansa ba. Bututu baki biyu gare shi, abu ya shiga nan ya fita can. Wannan a liƙe take ruf, an zuƙe iskar cikinta kaf, kuma rashin iskar shi ne sirrin aikin.

Wani dattijo da ya soma gyaran rediyo tun kafin a haife ni, da na kai masa maganar, bai ko ɗago kai daga kan abin da yake narka wa dalma ba. Ya ce, "Yaro, ai ƙwai ne. Da ƙwai muka san shi." Na ce, "Baba, ba za a rikita shi da ƙwan lantarki ba?" Ya ce, "To ai ɗan'uwansa ne."

Gaskiya ya faɗa. A cikin ƙwan lantarki Edison ya lura, a farkon shekarun 1880, cewa wuta na tsallakewa daga zaren da ya yi zafi zuwa wani ƙarfe ba tare da waya ba. A kan wannan Fleming ya ɗora. Lee de Forest ya zo a 1906 ya saka 'yar raga a tsakani, ta yadda ƙaramin motsi a jikin ragar zai juya babbar wutar da ke wucewa, daga nan aka sami ƙara sauti. Abin da ya fi burge ni, in ka ce ƙwai, sauran maganar da kanta take zuwa. Ƙwai ya ƙone. Ƙwai ya gaji. Ƙwai ya sha iska, wato tabon nan mai ruwan azurfa da ke saman gilashin ya koma fari fat, wanda ya ga haka ya san sai shara. Saboda haka ni na zaɓi ƙwan sauti.

Amma suna ɗaya bai isa ba, don wajen tsoho da sabo ake cin kuɗin mutane. Iri uku ne a kasuwa, kuma mai sayarwa ya fi son ka ɗauke su abu guda.

Akwai wanda aka ƙera tun zamanin da masana'antun ke tashe, Mullard a Blackburn ta Ingila, Telefunken a Jamus, RCA a Amurka, aka ajiye shi cikin kwali ba a taɓa kunnawa ba. Shi nake so mu kira tsohon ajiya. Akwai wanda aka zaro daga jikin mataccen rediyo, aka goge shi, aka sa a kwali mai kyau. Wannan ɗan cire ne, kuma ba laifi ba ne sayensa in an auna shi an faɗa maka gaskiya. Sannan sabon ƙira, wanda yau 'yan wurare kaɗan ke yi: JJ Electronic a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha, wasu a Sin, sai Western Electric da ta dawo da ƙera ƙwai mai lamba 300B a Amurka. A nan a lura. Za ka ga sabon ƙwai an rubuta masa Mullard ko Tung-Sol, alhali daga Saratov ya fito, sunan kawai aka saya. Ba jabu ba ne, amma ba na Blackburn ba ne. Ɗan aron suna, in kun yarda.

Wanne ya fi? Masu tsohon ajiya na cewa a da sojoji da gidajen rediyo da kamfanonin tarho ne manyan masu saye, dole a tsananta tacewa, kafin taransista, 'yar ƙaramar na'urar da aka ƙirƙiro a 1947 wadda ke yin aikin ƙwan, ta kwashe kasuwar. Akwai ƙamshin gaskiya. Ni dai a ƙananan ƙwayayen gaba, irin 12AX7 da Turai ke kira ECC83, ina iya sa kuɗi a tsohon ajiya, don suna daɗewa kuma duk sautin ta kansu yake fara bi. Manyan na baya, su EL34 da 6L6 da KT88, su ne ke shan zafi, su ke saurin gajiya, kuma biyu-biyu ake son su daidai da juna. Da irin hawa da saukar wutarmu, sa tsoho mai tsada a wannan gurbin asara ce. Sayi sabon ƙira, a daidaita maka shi, ka haɗa da sitabilaiza. Kuma don Allah kada wanda bai iya ba ya zura hannu cikin amfilifaya, ana samun bolt 400 ko fiye, kuma kafasita, ma'ajiyar wutar da ke ciki, na riƙe wuta ko an zare filogi.

Wani malami ya kawo suka mai ƙarfi a kan sunan ƙwan sauti. Ya ce kwamfutar ENIAC ta yi aiki da irin waɗannan ƙwayaye sama da 17,000, ba don waƙa ba. Kuma ko cikin amfilifaya akwai guda, irin GZ34, wanda sauti ba ya bi ta kansa sam, aikinsa miƙar da wuta, wato mayar da AC ta koma DC. Shi ma ƙwan sauti ne? A'a, Malam, ka kama ni a nan. Wani ya ce ƙwan tace wuta, wani ya ce ƙwan saita wuta. Na fi karkata ga na biyun, amma ina son jin na mutanen Kano da Zariya, me tsofaffin masu gyaranku ke ce masa?