Difloma a fannin nazarin laifuka: tana kai mutum wani wuri kuwa?

Ɗan Shago:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka yi karatun ko suke aikin ɗamara. Shekarata 21, na gama sakandare shekara biyu kenan, ina da kiredit shida har da Turanci da lissafi, na zana JAMB sau biyu ina neman karatun lauya amma makin bai kai ba, yanzu dai ina zaman shagon kawuna na kayan waya. To sai wani abokina yake ban labarin wai akwai difloma ta shekara biyu a kan nazarin laifuka da yadda ake daƙile su, wadda suke ce wa Crime Management, wai in ka gama kana iya shiga ɗan sanda ko sibil difens da muƙaminka ba sai ka fara daga kurtu ba.

Abin da ya sa raina ya kwanta da fannin, akwai wani yaro a layinmu da aka kama saboda ya sayi waya hannu da hannu ashe ta sata ce, wallahi wata goma sha huɗu ya yi a tsare yana jiran shari'a, mahaifiyarsa har keken ɗinkinta ta sayar, kuma duk layin nan babu mutum ɗaya da ya san ƙofar da ake bugawa, kowa sai dai ya ce Allah ya fid da shi. Daga ƙarshe sallamarsa aka yi. Tun lokacin abin yake cina a rai.

Tambayata, kwalin nan ana ɗaukar aiki da shi da gaske? Kuma zan iya ɗorawa daga nan in zama lauya? Kawu ya ce zai biya kuɗin makaranta amma sau ɗaya ne, shi ya sa bana so in yi kuskure.

Baban Ilham:

Wa alaikumussalam ƙanena. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka fara tambayar abu ɗaya, wace irin difloma ce. Domin iri biyu ce kuma sunan ne kawai ya haɗa su. Akwai ND, wato difloma ta ƙasa, wadda foliteknik da kwalejoji irin su suke yi a ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna, ita ta JAMB ake shigarta, shekara biyu ce, akwai SIWES, wato 'yan watannin koyon aiki a wajen makaranta, a tsakiya, in ka gama ka yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki sai ka dawo HND. Sai kuma difloma ta cikin gida wadda makaranta take shiryawa da kanta, ka sayi fom a banki ko a ofishinsu, babu JAMB babu komai.

Ni ta biyun na yi, a wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba, shekara biyu ina zuwa Juma'a da Asabar da Lahadi, na ci jarrabawa da kyau, malaman kuma sun koyar da gaske ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ranar da na je tantancewar ɗaukar aiki, jami'in ya juya takardar ya sake juyawa ya ce ai wannan ba ND ba ce, in ina so in koma layin masu sakandare. Ranar ban iya cin abinci ba. Babu wanda ya faɗa mana haka lokacin da muke sayen fom, mu ma kuma ba mu san ana tambaya ba. Daga baya ma hukumar jami'o'i ta NUC, lokacin Farfesa Abubakar Rasheed yana shugabanta, ta ce jami'o'i su bar harkar ƙananan difloma ga foliteknik su fuskanci digiri.

Saboda haka ka duba kundin kwasa-kwasai na JAMB ka ga ko makarantar da kwas ɗin suna ciki, sannan ka tabbatar NBTE ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar, don makaranta tana iya samun amincewa amma wani kwas ɗinta bai samu ba. Kuma in ka shiga kar ka yi wasa da maki tun zangon farko. Upper Credit, matakin sakamakon da ke bin mafi girma, daga matsakaicin maki 3.00 take farawa, ita ce yawancin jami'o'i suke nema kafin su ba ka aji biyu kai tsaye.

Gandiroba:

Baban Ilham ya gama maganar kwali, bari ni in taɓa ɓangaren aiki tunda shekarata goma sha ɗaya a gidan gyaran hali. Sibil difens da mu da kwana-kwana da shige da fice hukuma ɗaya ce take ɗaukar mu, CDCFIB, kuma hawa uku take ɗauka, mai digiri ya shigo layin Sufuritanda a mataki na 8, mai ND ko NCE ya shigo layin Sufeto a mataki na 6, mai sakandare ya fara daga ƙasa. To a nan abokinka ya yi gaskiya. Sai dai abin da bai faɗa maka ba, a aikin gama-gari ba kwas ɗinka kaɗai ake nema ba, wanda ya karanta aikin gwamnati ko kasuwanci a ND layi ɗaya za ku bi, kuma masu nema sun ninka gurbin sau ba adadi. Ɗan sanda kuma a ɗaukar 2016 ne aka ɗauki kadet Sufeto da ND ko NCE, yawancin wadda ta biyo baya ta kurata ce, ko da digiri ka zo kurtu za ka fara.

Amma ni ban yarda a ce karatun ba shi da amfani ba. Amfaninsa sai ka shiga ciki kake gani. Wanda ya san dokar Penal Code da muke amfani da ita a Arewa, ya san bambancinta da Criminal Code ta Kudu, ya san yadda ake rubuta rahoto da yadda ake adana shaida da yadda ake karanta takardar tsarewa ta kotu, wallahi cikin wata uku za ka gane shi a cikin sababbin ɗauka. Tun da aka yi dokar 2019 aka canza mana suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali, aka buɗe sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da sakin talala, kuma wannan sashen mutane yake buƙata masu iya zama da mai laifi da iyayensa da wanda aka yi wa laifin, su rubuta wa alƙali rahoto mai ma'ana. Labarin yaron layinku ba baƙo ba ne a wajenmu, kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Wani tarar da aka ci shi ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba amma babu mai biya. In da niyyar nan ka shigo, muna buƙatarka ƙwarai.

Ban da gwamnati akwai kamfanonin tsaro masu zaman kansu, waɗanda sibil difens take ba lasisi, suna neman masu kula da masu gadi, albashin dai ba yabo ba fallasa.

Anti Lauya:

Ƙanina tambayarka ta biyu ita ta tsaya min. A'a, wannan difloma ba ta mai da mutum lauya, kuma kar ka bari wani mai sayar da fom ya ce maka hanya ce. Lauya sai da digirin LL.B, shekara biyar in ta JAMB ka shiga, huɗu in aji biyu aka ba ka, sannan makarantar horar da lauyoyi, reshenta na Kano yana Bagauda. In zuciyarka tana kan lauya ne, difloma a fannin shari'a ita ta fi kusa, irin wadda ake yi a Kwalejin Aminu Kano ta nazarin addinin Musulunci da shari'a, wadda mutanen Kano suke ce wa Legal, amma ko ita sai ka je tsangayar shari'a ta jami'ar da kake so ka tambaya ko suna karɓa da kuma makin da suke nema, saboda gurbin kaɗan ne. Ita ND ɗin da kake magana inda take kai ka shi ne digirin kirminoloji, wato nazarin laifuka, ko ilimin zamantakewa, akwai kirminoloji a Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai a NOUN, jami'ar karatu daga gida.

Sai dai ka lura, abin da ya taɓa ranka ba dole sai lauya yake gyara shi ba. Yaron nan, da akwai mutum ɗaya a layinku da ya san abu uku huɗu da abin ya zo da sauƙi. Laifin karɓar kayan sata sai an nuna mutum ya san na sata ne ko yana da dalilin da zai sa ya yi zargin haka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta ACJA ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta ce mace na iya tsaya wa mutum beli, ta ce majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata, kuma umarnin tsarewa na farko ba ya wuce kwana 14 sai an dawo gaban alƙali. Jihohi sun yi irin tasu, ta Kano a 2019 aka yi ta. Ga hukumar Legal Aid tun 1976 tana ba marasa hali lauya kyauta, tana da ofis a jihohi, da mahaifiyarsa ta sani da wataƙila kekenta yana ɗakinta. Waɗannan abubuwan duk za ka gamu da su a karatun nan, kuma ƙungiyoyin da suke bin haƙƙin waɗanda ke tsare suna aiki da mataimakan lauyoyi, su ne suke zagaya kotu da gidan gyaran hali suna zaƙulo fayil ɗin da aka manta da shi.

Mai Kaki:

Ni fa duk ban ji an yi maganar shekaru ba, kuma ita ce ta fi gaggawa. Malam 21 kake. Makarantar 'yan sanda ta Wudil daga 17 zuwa 22 take ɗauka, ta JAMB ake nema ka sa ta zaɓin farko, shekara biyar ka fito da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin Sufuritanda, kuma suna da tsangayar shari'a. Ke nan dama ɗaya ta rage maka, bana ko babu. Kurtun ɗan sanda 18 zuwa 25 ne, tsawo mita 1.67 ga namiji. In ka tafi ND da shekarar aiki da HND ka kai 26 ko 27 in ba a samu tsaiko ba, ƙofofin nan biyu sun rufe. Ni shawarata ka sake JAMB ka nemi Wudil, in aka buɗe ɗaukar kurata ka cike, digirin ka yi shi a NOUN kana aiki, haka da yawanmu suka yi.

Baban Ilham:

Mai Kaki ai ba sai ya zaɓi ɗaya ba, a fom ɗin JAMB ɗin akwai gurbin foliteknik, ya sa Wudil a farko ya sa ND ɗin a ƙasa, in Wudil ba ta yiwu ba sai ya canza zaɓi, kar ya sake zaman shekara ta uku a shago.

Ɗan Shago:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi kun buɗe min ido. Yanzun nan na kira abokin nawa, ashe tasa fom ya saya a ofishin makarantar ba ta JAMB ya shiga ba, na tura masa abin da Baban Ilham ya rubuta, gobe zai je ya tambaye su. Ni zan yi yadda kuka ce, Wudil a farko ND a ƙasa, na auna tsawona a shagon tela 1.71 ne. Anti dan Allah in mutum yana so ya fara bin masu zagaya kotun nan tun yanzu a matsayin sa kai kafin sakamako ya fito, ofishin Legal Aid zai je ko ƙungiyar lauyoyi ta garinsu?