Na ce ƙwallo ta fita alhali ban ga dirarta ba, na yi laifi?

SabonHannu:
Salam 'yan'uwa. Don Allah masu buga pikilbol, wasan nan mai kama da tanis da ake yi a ƙaramin fili, ku warware min wannan, tun jiya abin ke cina. Wata uku kenan da na fara wasan, kuma inda muke bugawa babu alƙali, kowa ya zo sai ya jera raket ɗinsa a layi, in an zo kansa ya shiga da duk wanda ya tarar. Jiya muna bibbiyu, suna da 10 muna da 9, sabis a hannunsu, sai wani dattijo ya ɗago ƙwallo ta saman kaina, kafin in juya ta riga ta dira can wajen layin baya, ni dai tashinta kawai na gani amma zuciyata ta ba ni waje ce, na ɗaga hannu na ce waje! Abokin wasana ya ce shi kam kamar ta ɗan taɓa layi. Na ce a tambayi na kan benci, suka ƙi, na ce to a sake bugawa, dattijon ya yi murmushi ya ce ɓangarenku ne, yadda ka ce haka ne. Ƙarshe mu muka ci 12 da 10. Da aka zo gaisawa a raga ya taɓa raket ɗina da nasa amma ko kallona bai yi ba, can kuma na hango shi yana janye raket ɗinsa baya a layi don kar a sake haɗa mu. Ni wallahi ba cuta na yi niyya ba. Sannan tun farkon wasan ni kaɗai suke aiko wa ƙwallo don sun ga ban iya ba, su wannan ba rashin ɗa'a ba ne?

TsohonRaket:
Wa alaikassalam ƙanena. Kada ka ji haushi, amma makin nan nasu ne, wasan ya ƙare 11 da 9 tun a wurin. Dokar USA Pickleball, hukumar wasan ta Amurka, a fili take: ku kuke hukunta layukan ɓangarenku, amma duk ƙwallon da ba ka da tabbacin ta fita to ta shiga, shakka abokin karawa take amfana ba kai ba. Kuma da kai ka ce waje abokinka ya ce ciki, saɓanin nan kansa shakka ne, magana ta ƙare. Babu tambayar 'yan kallo, babu a sake. Abin da za ka iya yi shi ne ka tambayi su waɗanda suka bugo, amma fa in ka tambaye su suka ce sun gani sarai, to ka karɓa ko da bai yi maka daɗi ba.

Wani abin da sababbi ba sa lura da shi, ƙwallon nan roba ce mai tauri da huji-huji, ba ta lotsewa sosai in ta daki ƙasa kamar ta tanis, ɗan wuri ƙanƙani take taɓawa. Shi ya sa ake cewa sai ka ga fili tsakanin ƙwallo da layi da idonka kafin ka buɗe baki. Kai kuwa da bakinka ka ce tashinta ka gani. Ni akwai ranar da na ba da maki uku a wasa ɗaya waɗanda har gobe ina zaton waje ne, na sha kaye, amma tun daga nan in na ce waje ba mai musa min. Ka tuna wasan nan a tsakar gida aka ƙirƙiro shi a 1965, a tsibirin Bainbridge na jihar Washinton a Amurka, Joel Pritchard da abokansa biyu suna nema wa iyalansu abin yi, daga tushe ba da alƙali aka gina shi ba. In ka ga baban nan ka je ka same shi kafin a fara, ka ce baba makin jiya naku ne. Bai fi wannan ba.

'YarKicin:
Yaya TsohonRaket ya gama magana kan layi. Ni kan tambayarka ta biyu zan tsaya don na sha wannan har na gaji. A gasa kam ba wanda zai ce maka komai, nemo mai rauni dabara ce. Amma a wasan nishaɗi inda aka jera raket aka jira minti ashirin, a ce mutum ɗaya ake ta jifa shi kuma abokinsa ya tsaya kamar turke bai taɓa ƙwallo ba sai in zai yi sabis, haba, mutum biyu aka ɓata wa rana, shi mai koyo ya fita a wulaƙance, gwanin kuma ko gumi bai yi ba. Ni in na ga haka da gangan nake aika wa wanda ya fi ƙarfi, ai ta nan ma hannuna zai gyaru.

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne masu koyarwar da ba a nema ba. Ka zubar da ƙwallo ɗaya a raga sai abokin wasanka ya juyo ya fara lacca, riƙe haka, matso gaba, durƙusa, ga mutane suna jira. Ɗan'uwa ka bari a fita fili ka tambaye ni ko ina son shawara. Sai masu ƙunƙuni da lissafi, ka faɗi lambobin nan uku da ƙarfi kafin ka yi sabis mana, namu, nasu, da kuma ko kai ne mai sabis na ɗaya ko na biyu a ɓangarenku, rabin rigimar da nake gani daga nan take tashi. In kuma ƙwallonku ta gangara filin maƙwabta ka ɗaga murya su tsaya kada wani ya taka ya karye, amma kada ka bi ta da gudu suna tsakiyar wasa.

BugaDaƘarfi:
Hajiya ni a nan ban bi ki duka ba. Ni da nake sabo jifar da aka yi min ita ta koya min, wanda ake tausaya wa ana lallaɓa masa ƙwallo zai shekara yana wuri ɗaya. Kuma a daina ɗaukar bugun jiki kamar zagi, doka ta yarda, in ƙwallo ta same ka laifin naka ne. Sai dai kicin, wato yankin da ke jikin raga wanda ba a tsayawa a cikinsa a daki ƙwallo a sama, ƙafa 7 ne kowane gefe, ke nan ƙafa 14 kacal tsakaninka da mutum in kun tsaya bakin layi, to wanda zai maka wa tsoho ko mai koyo a fuska daga nan ba gwani ba ne, mugu ne. Ni ƙafa nake nema, in ta kuskure ta sami ƙirji sai in ɗaga hannu in ce yi haƙuri. Haka in ta goge raga ta faɗa musu, makin nawa ne amma ba na ihu a kai.

SabonHannu:
Na gode ƙwarai, na ji a jikina. Gobe zan same shi insha Allah. Saura ɗaya, in na ga ƙafar wani ta taka layin kicin yana dukan ƙwallo a sama, ni zan faɗa ko shi?

TsohonRaket:
Shi ya kamata ya fara kama kansa, ko da ƙwallon ta riga ta mutu in dai ƙarfin bugun ne ya tunkuɗa shi ciki laifi ne. In bai faɗa ba kana da damar yin magana, in ya musa sai a sake bugun. Amma kai kam goben nan ka bar ƙafar baba ta huta tukuna.